Furar da Janar Ya Tsallaka Iyaka Ya Sha

Tun da muka dawo ban huta ba. A majalisarmu ta bakin tasha, a ƙofar masallaci, har a kara, kasuwar dabbobi, ina tsakiyar ciniki sai wani ya jawo mini riga: "Haruna, wai da gaske ne an tsare Janar a boda?" Wasu sun ce raƙuma muka je saye, wasu sun ce aure ya je nema. Kai jama'a! To, zan faɗa sau ɗaya, wanda ya ji ya gaya wa wanda bai ji ba, a bar ni in nemi abincina.

Ga wanda bai san shi ba, Janar Iro mutumin ƙasar Sandamu ne, gajere kakkaura. Kunnensa na hagu ya mutu tun yaƙin basasa, in za ka yi masa magana sai ka zagayo ta dama. Daga makarantar horon malamai ya shiga soja, yaƙi ya same shi yana laftanan. Bayan yaƙi ya yi ta hawa, aka riƙa tura shi ƙasashen waje kwantar da tarzoma, har ya ajiye kaki yana janar. Bai taɓa mulkin ko unguwa ba, bai kuma shiga siyasa ba. Gida ya dawo ya kama noman gero da gyaɗa da kiwon tumaki. Ni kuwa dillalin dabbobi ne, ni nake saya masa, ni nake sayar masa. Iyakar abin da ya haɗa mu ke nan.

Ana gab da Babbar Salla na raka shi kasuwar Mai'aduwa neman raguna. Na kai shi wurin wani bafataken Nijar mai suna Ma'azu, wanda na daɗe ina hulɗa da shi. Aka yi ciniki, aka miƙa hannu a sallama, sai Janar ya riƙe hannun mutumin ya ƙi saki. Ma'azu yana da cindo, wato yatsa na shida, a hannun dama. Janar ya dubi yatsan, ya dubi fuskarsa, ya sake duban yatsan.

"Wannan gadonsa ka yi?"

"An ce na mahaifina ne, ranka ya daɗe. Ni ban san shi ba."

"Rasuwa ya yi?"

"Allah masani. Ci-rani ya shigo Nijeriya ina goye, har yau shiru. Sule sunansa."

"Mahaifiyarka fa?"

"Tana nan. Ta ƙi yarda a raba auren. Mutane suna cewa wata ya samu a kurmi ya manta da mu, ita kuwa ta ce sai ta ji daga bakin wanda ya gani da idonsa."

Janar ya saki hannun, muka tafi da ragunanmu. Bayan salla da 'yan kwanaki ya aiko aka kira ni, ya ce in tambayo sunan garin su Ma'azu, zan raka shi. Na ce, "Yallaɓai, in wani abu ka sani, me ya hana ka gaya masa a kasuwa?"

Ya ce, "Ba a faɗin mutuwa a kara, Haruna. Kuma ban tabbatar ba. Sule nawa ne a duniya, cindo nawa? In na ce wa matar nan mijinta ya mutu alhali ba shi ba ne, na kashe mata miji da bakina. Sai na je na gani."

Muka tashi da sassafe a tsohuwar akori-kurarsa, shi ne a kan sitiyari, don ba ya yarda kowa ya tuƙa shi. A baya an ɗora buhun shinkafa, da sukari, da huhun goro. Ya sa wata jamfa da ta sha wanki, ya ja mini kunne tun kafin mu fita daga Daura: "Daga nan har mu dawo, ni Malam Iro ne, manomi. Ka ji ko?" Na ce na ji.

Tsakanin Zango da Baure ya ba ni labarin. Ya ce lokacin da yaƙi ya yi zafi ana ɗiban kurata ko'ina, sai aka kawo masa wani dogon saurayi mai cindo, an rubuta shi Sule Daura. Da jin laftanan ɗan ƙasar Daura ne, sai yaron ya liƙe masa, shi ke ɗaukar masa kaya, shi ke dafa masa shayi.

"Yana buɗe baki na san ba mutuminmu ba ne," in ji Janar. "Hausar ƙetare ce a bakinsa. 'Yan Nijeriya kaɗai ake ɗauka, shi ya sa ya ari sunan garinmu. In na tambaye shi garinsu na gaskiya, dole in kai rahoto a kore shi. Sai na ƙi tambaya. Na ɗauka rufa masa asiri nake yi."

Ya ce Sule ba ya ambaton sunan matarsa ko na ɗansa na fari, don kunya. Abu ɗaya suka sani game da ita. In an jiƙa garin rogo, sai ya zuba barkono a ciki ya shanye, sojoji suna yi masa dariya. Shi kuwa ya ce ai ba su ga komai ba, matarsa in ta dama fura, baƙo sai ya nemi ruwan kashe gobara. A wani gari na bakin kogi harsashi ya same shi. Hukuma ta aika sanarwa Daura, ba a samu mai shi ba. Bayan yaƙi Janar ya bi unguwa-unguwa da ƙafarsa yana cigiya, babu wanda ya taɓa jin Sule mai cindo. Shekara arba'in da 'yan kai ke nan. Sai na miƙa masa goro.

Ta Babban Mutum muka fita. A ɓangarenmu ba a ɓata mana lokaci ba, don duk sun san ni. Da muka isa shingen mutanen Nijar, sai wani jandarma, yaro ne ƙarami da ko gemu bai gama fito masa ba, ya karɓi katinmu, ya ce a sauke kayan baya duka a gani. Rana ta take. Ina duba sai na ga Janar ya naɗe hannun riga ya rungumi buhun shinkafa. Wallahi raina ne ya ɓaci. Mutumin da ya ja dubban sojoji! Ban san lokacin da na ce, "Kai yaro, ka san wanda ka sa dako? Janar ne fa!"

To, a nan na jawo mana. Yaron ya ƙame ya sara. Ya kira na gaba da shi, shi ma ya zo ya sara. Aka kawo kujeru, aka mai da buhu mota. Ni har na fara hura hanci. Sai babbansu ya yi mana bayani cikin ladabi cewa manomi yana iya wucewa da katinsa, amma janar na wata ƙasa ba ya shiga sai an sanar da kumanda a Magarya. Aka buga waya. Kumanda ya tafi hutun rana. Ku da ba ku taɓa ƙetarawa ba, a can in azahar ta gabato rufe ofis ake yi kowa ya je ya kwanta, kuma babu mai tashin babba daga barci sai in gobara ake yi. Ba irin namu ba, da ofis yake buɗe wuni guda amma mai shi ba ya nan.

Muka zauna a rumfa har la'asar. Suka yi ta dafa mana shayinsu na 'yan ƙananan kofuna, na farko ɗaci kamar maɗaci, na biyu da dama-dama, sai a na uku za ka san da sukari a ciki. Janar ya shanye duka bai yamutsa fuska ba. Magana ɗaya ya yi mini: "Haruna, bakinka ya fi motata gudu." To, tsarewar da kuke ta ji ke nan, kuma ni na jawo ta.

A Magarya kumanda ya tarbe mu da kansa. Mutum ne mai fara'a, yana Hausa yana tsarma Faransanci. Ya so ya sauke mu a masaukin gwamnati, Janar ya yi godiya ya ce a'a. Gidan fatomana muka kwana, inda fatake suke sauka, a zaure ɗaya da wasu masu shanu. Aka kawo dambu da zogale an kwarara masa man gyaɗa, da tukuɗi mai dabino da cuku, da burodinsu dogo mai tauri wanda za ka iya kora akuya da shi. Ni na ci na yi nak. Janar loma kaɗan ya yi ya tsame hannu.

Da yamma na ɗan zaga gari. A wata unguwa da ake ta kiɗa na ci karo da fuskokin da na sani, mutanen da tun da aka ƙaddamar da shari'a a wajenmu kullum suke cewa za su je Nijar duba dabbobi. Ban ga ko bunsuru a wurin ba. Suka kau da kai, ni ma na kau da nawa. Kada wanda ya tambaye ni suna.

Da safe muka tarar da wata sabuwa. Kumanda ya ce hanyar Kwarin Tsamiya, garin su Ma'azu, yashi ne zalla, motarmu ba za ta kai ba, kuma ba zai bar babban baƙo ya shiga daji ba rakiya. Ya ba mu motar jandarmomi da mutum uku da bindigoginsu. Janar ya harare ni, na sunkuyar da kai. Aka mai da kayanmu can, muka hau.

Tun daga nesa muka hango mutanen garin suna watsewa. Masu ban ruwa a rijiya suka bar guga, maza suka faɗa gonaki, mata suka kwashe yara. A can ganin motar jandarma ba alheri ba ne, ko haraji ko kamu. Janar ya buga rufin mota aka tsaya. Ya ce wa jandarmomin, da wata murya da ban taɓa jin ya yi ba, su koma gindin wata gawo su jira, kada wanda ya matso. Suka bi kamar shi ya ɗauke su aiki. Ya saɓa huhun goro, na ɗauki sukari, muka shiga gari a ƙasa.

Limamin garin kaɗai muka samu a ƙofar masallaci, tsoho ne da ba ya iya gudu. Muka gaisa, na ambaci Ma'azu, aka je aka zaƙulo shi daga bayan rumbu. Yana ganina ya ce, "Haruna, in dai ragunan nan ne, wallahi halalina ne!" Na ce ya kwantar da hankalinsa, gaisuwa muka zo yi wa tsohuwa.

Aka yi mana shimfiɗa a zauren gidansu. Kafin a ce komai sai ga ƙwarya an kawo, fura ce da nono, da ludayi biyu. Ga ƙishirwa, na cika ludayi na kai baki. Innalillahi! Kamar na haɗiye garwashi. Na yi ta tari, hawaye da majina, Ma'azu yana ta ba ni haƙuri: "Na manta ban ce a dama muku daban ba. Haka Inna take yin tata, duk garin nan ba mai iya sha."

Janar ya kurɓa sau ɗaya. Ya ajiye ludayin a hankali, ya daɗe yana kallon ƙwaryar. Sannan ya juyo ya ce mini, "Ita ce."

Ya ce wa Ma'azu ya nemo masa iso wurin mahaifiyarsa, liman kuma ya shigo tare da mu. Ya tuɓe takalmi tun daga zaure. Inna Tsahara, haka ake kiranta, tana zaune a ƙofar ɗakinta, siririyar tsohuwa baƙa, ta ja mayafi har goshi. Aka kawo wa Janar kujera ya ƙi, ya zauna a tabarma, ya juya mata kunnensa na dama. Aka gaisa, aka tambayi hanya, aka tambayi damina. Sannan ya ce:

"Baiwar Allah, ni tsohon soja ne. A yaƙin da aka yi a ƙasarmu, akwai wani yaro a hannuna, Sule, dogo, mai cindo a hannun dama."

Ba ta motsa ba. Ta ce, "Alhaji, masu cindo da yawa. An sha zuwa mini da labari. Wani ya ce ya gan shi a Ikko da mata da 'ya'ya, wani ya ce a Makka. Kai me ka sani?"

"Ban san sunanki ba, don bai taɓa faɗa ba. Amma yana zuba barkono a abin sha, in mun yi dariya sai ya ce matarsa in ta dama fura, baƙo sai ya nemi ruwan kashe gobara."

Sai tsohuwar nan ta yi dariya. Wallahi dariya ta yi, 'yar gajeruwa, ta rufe baki da mayafi. Ta ce, "Uwarsa ce ta koya mini. Shi kaɗai yake shanyewa." Daga nan dariyar ta tsaya. Ta dube shi sosai ta ce, "Faɗi abin da ya kawo ka."

"Allah ya yi masa rasuwa. A gabana, a shekara ta biyu ta yaƙin. Harsashi ne a ƙirji, bai daɗe yana shan wahala ba."

Liman ya yi salati. Ma'azu ya durƙushe ya dafe kai. Ita kuwa tambayoyi ta shiga yi, ɗaya bayan ɗaya, kamar alƙali.

"Ya yi wani aure a can?"

"Bai yi ba. Hutu yake jira ya zo gida."

"Ya samu kalmar shahada?"

"Ya samu. Ni na laƙƙana masa."

"An yi masa sutura?"

"Ba likkafani a inda muke. Da kayan jikinsa muka sa shi, na rufa masa bargona."

"Salla fa?"

"Ni na ja ta. Ba malami a cikinmu, kabbara huɗun na sani, su na yi. Mu biyar ne a sahu, ana harbi. Muka duba gabas muka kwantar da shi."

"To me ya hana a gaya mini?"

Nan Janar ya gyara zama. Ya ce, "Da sunan Daura ya shiga soja. Na gane ba ɗan can ba ne, na ƙi tambayarsa garinsu don kada a kore shi. Da na tambaya, da tun a shekarar kin ji. Ki yafe mini."

Ta ce, "Ka rufa masa asiri yana raye, ka rufe shi da bargonka da ya mutu. Me zan yafe? Allah ya saka maka." Sai a lokacin ta yi kuka, ba da ƙarfi ba. Ni ma na yi, ba zan ɓoye muku ba.

Da aka natsa, liman ya gyara murya ya ce, "Tsahara, a hukunce babu takaba a kanki. Daga ranar rasuwa ake lissafi, taki ta wuce tun tuni."

Ta share ido ta ce, "Malam, na ji hukunci, ban kuma musa ba. Amma shekara arba'in a garin nan sunana wadda aka gudu aka bari. A bar ni in yi wata huɗu da kwana goma sunana matar mamaci." Ta cire 'yan kunnenta da awarwaron hannunta, ta miƙa wa matar Ma'azu, ta tashi ta shiga ɗaki.

Kafin azahar labari ya zaga, waɗanda suka gudu duk suka dawo. Aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, aka fasa huhun goro, aka ɗora shinkafar da muka zo da ita. Mutane suka yi ta zuwa gaisuwar mutuwar da ta girmi yawancinsu. Har da tsofaffin da suka yi ta yaɗa maganar kurmi, na ga suna shiga suna fitowa kai a ƙasa. Jandarmomin nan ma suka ajiye bindigogi a mota suka zo aka yi addu'a da su. Janar ya zauna kusa da Ma'azu yana amsa gaisuwa kamar ɗan'uwan mamaci. Duk wanda ya tambayi ko wane ne, sai ya ce, "Tare muka yi aiki."

Da za mu tafi, Inna Tsahara ba ta fito ba, mai takaba ce. Sai ta aiko da fura a cikin gora, ta ce a ba Alhaji ya sha a hanya.

Muka karɓi motarmu a Magarya, muka wuce shingen da aka tsare mu, yaron nan ya sake sarawa. Bayan mun shigo ƙasarmu, kafin Baure, Janar ya gangara gefen titi ya kashe mota. Ya buɗe gorar ya kafa kai. Ni da na san abin da ke ciki na ce, "Yallaɓai, a hankali!" Bai saurare ni ba, alhali ta kunnensa mai ji nake zaune, sai da ya shanye tas. Hawaye suna bin fuskarsa har gemu.

Na miƙa masa ruwa, na ce don in rufa masa asiri, "Barkonon nan ba dama, ranka ya daɗe."

Ya ture ruwan ya ce, "Ba barkono ba ne, Haruna. Kuka nake yi."